Yadda Ake Yawon Buɗe Ido a Capileira, Ƙauyen Kan Dutse a Kudancin Sifaniya

Yawancin mutanenmu da Allah ya kai Sifaniya a Madrid ko Barcelona suke tsayawa. Wanda ya matsa kudu kuwa, da ya ga fadar Alhambra a Granada sai ya juya. Alhali a bayan duwatsun nan masu farar ƙanƙara da ake hangowa daga fadar akwai yankin Alpujarra, inda ragowar Musulmin Andalus, wato Sifaniya ta zamanin mulkin Musulmi, suka ci gaba da zama bayan faɗuwar Granada a 1492, har zuwa tawayen 1568 zuwa 1571 da ya ƙare da korarsu daga yankin. Mutanen sun tafi, amma fasalin gininsu da lambatun ruwansu suna nan suna aiki. A kwarin Poqueira akwai ƙauyuka uku a jere, ɗaya saman ɗaya: Pampaneira a ƙasa, Bubión a tsakiya, sai Capileira can sama, a tsayin mita 1,436. A Capileira nake ba da shawara a sauka, a kuma ware wa wurin kwana uku.

Fara da zaɓen wata

Mayu da Yuni sun fi daɗi: ƙanƙara na narkewa a sama, ruwa ya cika lambatu, gonaki sun yi kore shar. Satumba da Oktoba ma sun yi, zafi ya ragu, ganyaye sun soma ja. Mai niyyar hawa ƙololuwar dutse sai ya zo tsakanin Yuli da Satumba. Daga Disamba zuwa Maris ƙauyen na da kyau, amma sanyinsa ya wuce hunturun da muka sani nesa ba kusa ba, kuma saman dutsen na ƙwararru ne masu kayan aiki.

Hanya da masauki

Daga babbar tashar mota ta Granada bas ɗin kamfanin ALSA na tashi zuwa ƙauyukan, ya bi ta Lanjarón da Órgiva, tafiyar awa biyu da wani abu. Sawun ba su da yawa a rana, don haka ka duba jadawali ka yanki tikiti tun da wuri. Daga Órgiva hanya sai lanƙwasa bayan lanƙwasa. Mai jin jiri a mota kada ya cika ciki kafin ya hau. In motar haya ka ɗauko, ka ajiye ta a filin da ke bakin titi, lungunan ƙauyen na ƙafa ne da alfadari. Ka kama ɗaki tun kafin ka taso, musamman a ƙarshen mako, kuma in da hali ka nemi wanda ke da ɗan kicin. Ka riƙe tsabar yuro a aljihu.

Batun abinci, tun kana Granada

Wannan ba abin wasa ba ne ga Musulmi. Alpujarra ta yi suna ne da busasshen naman alade, har ƙauyen Trevélez da ke gaba, da wannan naman aka san shi. Abincin da za ka gani a kowane allo, plato alpujarreño, alade ne iri-iri da dankali da ƙwai. Ko kifin rafi sau da yawa da yankan alade ake soya shi. Ka haddace “sin cerdo, sin jamón”, wato ban da alade, ka kuma tambaya ko da man zaitun aka yi girkin. Abin da za ka ci hankali kwance yana da yawa: dankalin da aka soya da tattasai da albasa a man zaitun, ƙwai, cukwin akuya, burodi, zuma, ɓaure. Nama kuwa ka sayo shi a shagunan halal na Granada kafin ka hau mota, dalilin ɗaki mai kicin ke nan. Abincin rana a nan sai wajen ƙarfe biyu, na dare sai takwas ta wuce.

Sallah kuma, ka tafi da dardumarka. Alƙibla gabas ce da ɗan karkata kudu kaɗan, saɓanin yadda muka saba a gida, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare.

Ranar farko: ƙauyukan uku

Kada ka yi gaggawar hawa dutse, bar jiki ya saba da iskar wurin. Ka fara da gangarawa unguwannin ƙasa na Capileira, nesa da shagunan tsaraba. Ka ɗaga kai ka dubi rufin gidajen. Shimfiɗaɗɗe ne, an jera gungumen itace, an ɗora falalen dutse, an daɓe da wata ƙasa mai ruwan toka da suke kira launa, wadda ba ta barin ruwa ya ratsa. Duk wanda ya tashi a gidan soro mai azara da indararo zai gane aikin da kallo ɗaya. A kan kowane rufi akwai bututun hayaƙi dogo, an kifa masa falalen dutse a ka. A wasu lunguna ɗakin wani gida ya haye saman hanya, ka bi ta ƙarƙashinsa cikin inuwa, jan barkono na rataye a jikin farin bango. Tun 1982 hukuma ta sanya ƙauyukan uku cikin wuraren tarihi da ake karewa, shi ya sa ginin zamani bai ɓata su ba.

Daga nan ka bi turba zuwa Bubión, kamar rabin awa, inda akwai wani tsohon gida da aka mayar gidan tarihi da kayan zaman mutanen da. Wata rabin awar ta gangara za ta kai ka Pampaneira. Nan ruwa ke gudu a ɗan lambatu ta tsakiyar lungu, nan kuma ake saƙa jarapa, shimfiɗa mai kauri da asalinta daga tsummoki ne. In za ka saya, tambayi wadda aka saƙa a ƙauyen. Komawa sama hawa ne mai tsauri. Wanda gwiwarsa ba ta da ƙarfi ya jira bas.

Rana ta biyu: bi ruwa

A ganina wannan ce ranar da ta fi kowace. Ka fito da sassafe ka kama turbar da ta nufi La Cebadilla, ƴar unguwar da aka gina wa ma'aikatan tashar lantarki, yanzu ta zama kufai, ɗakuna da ƙaramin coci duk babu kowa. Ana tafiya ta wannan gefen kwarin, a tsallake kogi, a dawo ta ɗaya gefen a haye gadar Abuchite, awa uku zuwa huɗu ba tare da sauri ba.

A hanya ka lura da lambatun da suke kira acequia. Suna ɗebo ruwan ƙanƙara daga can sama, su bi jikin dutse da ɗan gangare kaɗan-kaɗan, tafiyar kilomitoci, su raba shi gona-gona. Wasu ma da gangan ake sakin ruwansu a kan fili don ƙasa ta shanye, bayan makonni ko watanni ya ɓullo a idon ruwa can ƙasa, daidai lokacin da rani ya tsananta. Tun zamanin Andalus ake wannan dabara, kuma har yau manoma na da ƙungiyoyin da ke rabon ruwa, kowa da ranarsa da sa'arsa, su taru su yashe lambatu kafin noma ya kankama. Ka tsaya a bakin wata mashiga ka ga yadda ɗan faifan ƙarfe ko falalen dutse guda ke juya ruwa daga wannan gona zuwa waccan. Don Allah kada ka taɓa shi, rabon wani ne. Za ka ga masussukai ma, da'irar dutse da aka shimfiɗa a inda iska ke kaɗawa. In ka buɗe ƙyauren shinge ka rufe, kuma ka ba karnukan makiyaya hanya.

Rana ta uku: Mulhacén, ga mai ƙarfi

Tsayinsa mita 3,479, babu dutsen da ya kai shi a duk zirin Iberiya, inda Sifaniya da Fotugal suke. Sunansa daga Sarki Abul Hasan Ali ne, wanda Sifaniyawa ke kira Muley Hacén, mahaifin sarkin Granada na ƙarshe. Ana almarar cewa a can sama aka binne shi. Wurin na cikin gandun ƙasa na Sierra Nevada da aka kafa a 1999, motar kowa tana tsayawa ne a shingen Hoya del Portillo. A watannin zafi hukumar gandun na da ƙaramar bas da ke tashi daga Capileira zuwa wajen Alto del Chorrillo, kusan mita 2,700. Kujerun kaɗan ne, sai ka kama wuri tun kwanaki kafin ranar.

Daga inda bas ta ajiye ka hawan kamar awa uku ne. Ba a buƙatar igiya, amma iska ta yi ƙaranci, babu inuwa ko ta itace ɗaya. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka ɗauki rigar sanyi mai tare iska ko da Agusta ne, da hula, da tabarau, da ruwa aƙalla lita biyu, da dabino ko gyaɗa. Ka tafi sannu, taku gajere. Awakin dutse za su matso kusa, kada ka ba su abinci. Ranar da sararin sama ya washe ana hango teku, har da duwatsun Maroko.

Ciwon kai mai tsanani, jiri ko amai alama ce ta ka sauka nan take, haka ma in hadari ya taso. Ka gaya wa mai masaukinka inda ka nufa da lokacin da kake sa ran dawowa, ka riƙe sa'ar bas ta komawa, ka kuma ajiye lambar gaggawa a wayarka, 112. Wanda bai shirya wa wannan hawan ba ya nemi masu dawakin haya a ƙauyukan kwarin, suna fita da baƙi tare da ɗan rakiya na awa biyu ko rabin yini.