Ciwon mafitsara da ba ya jin maganin sanyi: yadda ake gano shi da yadda ake magance shi

Akwai ciwon mara da ke wahalar da mutane, mata musamman, shekara da shekaru ana ce musu ciwon sanyi ne. A sha ƙwaya, a yi allura, gwajin fitsari ya fito babu ƙwayar cuta, ciwon kuwa yana nan daram. Likitoci na kiransa interstitial cystitis. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ce ana zarginsa idan zafi ko nauyi a mafitsara ya wuce mako 6, tare da yawan fitsari, kuma ba a sami wani dalili ba. Babu gwaji guda da zai nuna shi ƙarara. Sai an kawar da sauran cututtukan sannan a tsaya a kansa.

Babbar alamarsa ita ce zafin yana ƙaruwa yayin da mafitsara ke cika, ya ɗan lafa bayan an yi fitsari, sannan ya dawo. Mai wannan ciwo yana ruga banɗaki don ya rage zafi, ba don tsoron fitsari ya kufce masa ba. Mata da yawa suna jin zafi lokacin saduwa ko kwana ɗaya zuwa biyu bayanta, ciwon kuma yakan tsananta gab da al'ada. A maza, sau da yawa ana ɗora laifin a kan furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Kafin a je asibiti, a yi lissafin fitsari na kwana 3. A sami gora mai ma'auni, a rubuta lokacin kowane fitsari, yawansa, abin da aka ci aka sha, da ƙarfin zafi daga 0 zuwa 10. Lafiyayyar mafitsara tana riƙe mililita 300 zuwa 500, kuma yawancin mutane ba su wuce fitsari 8 a yini. Wanda ke zuwa sau 20 yana zubar da ɗan kaɗan, lamarinsa daban ne da wanda ke zubar da fitsari mai yawa kowane zuwa. Na biyun, a fara duba sukarinsa.

Abin da za a kawar tukuna

Gwajin farko shi ne shuka fitsari a ɗakin gwaji, don a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro. A yi tsarki da ruwa, a bar farkon fitsarin ya zube, a tari na tsakiya a kwalba mai tsabta. A nan ake yawan ɓata aiki: mutum ya riga ya sayi maganin kashe ƙwayar cuta a kemis ya sha, gwajin ya fito babu komai alhali akwai. A faɗa wa likita duk abin da aka sha, har da na gargajiya.

A ƙasashenmu kuwa, tsargiya ce abu na biyu. Duk wanda ya taɓa wanka ko aiki a dam, kududdufi ko gonar shinkafa, ko da tun yarinta ne, a nemi ƙwan tsutsar a fitsarinsa. Ana tarar fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita, gwaji ɗaya kuma ba ya wadatarwa. Idan an gani, praziquantel ne maganin, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. Idan fitsari na nuna ƙwayoyin mugunya amma shukar ba ta tsirar da komai, a tuna da tibi, domin ba huhu kaɗai take kamawa ba, sai kuma cututtukan saduwa. Hoton ciki zai nuna dutse, ƙari, da yawan fitsarin da ke saura bayan an gama yi. Mace kuma a duba mahaifa da farji, likita ya danna tsokokin ƙasan ƙugu ya ji ko sun ƙage.

Jini a fitsari, zazzaɓi ko rama ba a jingina su ga wannan ciwo. Masu waɗannan alamu, da wanda ya haura shekara 50 ko mai shan taba, suna buƙatar a leƙa cikin mafitsara da siririyar kyamara. Leƙen yana kawar da zargin daji, yana kuma gano jajayen gyambuna da ake kira da sunan Guy Hunner, likitan asibitin Johns Hopkins da ya bayyana su sama da shekara 100 da suka wuce. Tsiraru ne ke da su, amma maganinsu daban ne.

Magani, daga mai sauƙi

Matakin farko shi ne a daina zagayen maganin kashe ƙwayar cuta in babu shukar da ta nuna ƙwayar. Ba ya rage wannan ciwon, sai dai ya jawo ƙaiƙayin gaba, ya kuma sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Sai abinci. A ajiye shayi, kofi, goro, lemon kwalba, lemon tsami, lemon zaƙi, tumatir da barkono na mako 2. Zoɓo da tsamiya ma a haɗa da su saboda tsaminsu. Daga nan a riƙa dawo da abu ɗaya duk bayan kwana 3, ana rubuta abin da ya biyo baya. Abin da ke tayar wa wani ba lallai ya tayar wa wani ba, don haka babu dalilin haramta wa kai komai har abada. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne rage shan ruwa don gudun banɗaki. Fitsari sai ya yi kauri ya ƙara zafi. A sha kamar lita 1.5 zuwa 2 a yini, kaɗan-kaɗan, a ƙara lokacin bazara, a rage da dare. A magance taurin bayan gida in akwai. Idan zafi ya taso, tsumma mai ɗumi a mara ko zama cikin ruwan ɗumi yana taimakawa. Bayan zafi ya lafa, a riƙa ƙara minti 10 zuwa 15 a tazarar fitsari kowane mako.

Atisayen matse gaba da ake koya wa mata bayan haihuwa bai dace a nan ba. Tsokokin sun riga sun ƙage, saki suke buƙata, kuma wannan aikin likitan gashin jiki (physiotherapist) ne da ya ƙware a wannan sashe.

Magungunan sha sai da rubutun likita, mai ciki ko mai shayarwa kuma ta faɗa tun farko. Amitriptyline ake yawan farawa da shi, miligiram 10 da dare, a ƙara sannu a hankali zuwa 25, 50 ko 75. Yana kawo barci, bushewar baki da taurin bayan gida, ana kuma taka tsantsan da shi ga tsofaffi da masu ciwon zuciya. Ganin sunansa cikin magungunan damuwa kada ya tsorata kowa, a nan jijiyoyin zafi yake kwantarwa, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ji canji. Akwai hydroxyzine miligiram 25 da dare, da cimetidine miligiram 400 sau biyu a rana. Pentosan polysulfate, wanda ake sayarwa da sunan Elmiron, ana shan miligiram 100 sau uku a rana, sai an kai wata 3 zuwa 6 a san ko ya karɓi mutum. Tun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a kansa cewa daɗewa ana sha na iya lahanta bayan ido, don haka a duba ido kafin a fara da kuma lokaci-lokaci. Tramadol ba mafita ba ce, jaraba kawai za ta ƙaru a kan ciwo.

Idan na sha bai isa ba, ana zuba magani kai tsaye cikin mafitsara ta robar fitsari: haɗin lidocaine da heparin, ko DMSO mililita 50 da ake riƙewa kamar minti 15, yawanci mako-mako har sau 6. DMSO yana sa numfashi warin tafarnuwa na kwana biyu zuwa uku, zuwan farko kuma yakan ƙara zafi kafin ya rage. Ana kuma buɗa mafitsara da ruwa bayan an sa majinyaci barci, da matsi kaɗan, ƙasa da minti 10. Sauƙin da ake samu na watanni ne.

Masu gyambon Hunner su suka fi samun sauƙi nan take, idan an ƙone gyambon ko an yi masa allurar triamcinolone, ko da yake yakan dawo a sake. Allurar Botox a bangon mafitsara tana aiki na wasu watanni, amma tana iya riƙe fitsari, don haka ba a yi wa wanda bai yarda zai iya sa wa kansa roba ba. Cire mafitsara shi ne na ƙarshe, ga wadda ta tsuke ta lalace, kuma ana gaya wa majinyaci tun kafin aiki cewa zafin na iya ci gaba bayan an cire ta.