Kurakuran da masu kiwon dodon koɗin Sulawesi ke yawan yi a Yamai

Jama'a masu akwariyom, wato akwatin gilashi na kiwon kifi, don Allah a kula da wannan dodon koɗi mai dogon gida da ake ce ma Tylomelania. Ba irin na bakin gulbi ba ne fa, asalinshi tsibirin Sulawesi ne a Indunusiya, tafkunan Poso da Matano da Towuti, wasu ma tafki guda ke gare su duk duniya, shi ya sa mutuwar ko ɗaya take mini ciwo.

Yawancin ɓarnar daga ruwa take. Mutum ya taro ruwan pampo ya juye nan take da jabel ɗinshi, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zuba ma ruwan pampo, ko da damina ya ce ai ruwan sama ya fi tsabta, alhali ruwan sama ba shi da kalsiyom, sinadarin da dodon koɗi ke gina gidanshi da shi, sannu sannu sai ka ga tsinin gidan ya yi fari yana zaizayewa da ƴan ramuka, kuma wurin da ya cinye ba ya komawa. A bar ruwan pampo ya kwana a buɗe, a riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.5 da 8.5, a daka ɓawon ƙwai da aka tafasa a zuba kaɗan.

Zafin ruwa kuma digiri 26 zuwa 30 na Selsiyus suke so. A watan Afrilu in wuta ta ɗauke ruwan kan wuce haka, kar a antaya ƙanƙara ciki, a sa gorar ruwa mai sanyi a rufe ta yi ta yawo a sama. Da hunturu kuwa sai na'urar ɗumama ruwa.

Maganin kifi ma a duba kwalbar, in an ga cuivre wato jan ƙarfe to guba ne gare su.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na haihuwa. Sai da mace da namiji, kuma ɗa guda take sakewa cikin wata ƴar farar jaka, sai an jima kafin wani. Mai wanki ya hango farin abu kan rairayi ya zata datti ne ya zuƙe shi da tiyo, shi ke nan. A duba da kyau tukuna. Rairayi mai laushi za a shimfiɗa musu don tono suke yi, a riƙa ba su alayyahu ko kabewa dafaffe, gansakuka kaɗai ba ta isar su.

Kar kuma a kwaso musu abokan zama daga kogin Isa, cikin ƙananan dodon koɗin can akwai wani da ake ce ma Bulinus mai ɗauke da tsargiya. Wanda ya gaji da nashi ya ba wani mai kiwo, kar ya kai kogi.