Yadda Ake Tantance Ko Kamfanin Kai Abinci Ya Cancanci Maƙala a Wikipedia

Mutum yakan ga 'yan babura sanye da riguna iri ɗaya, kowanne da akwatin abinci a bayansa, suna kai-komo a titunan Legas ko Abuja, sai ya ɗauka cewa lalle kamfanin nan ya kai a buɗe masa shafi a Wikipedia. Sai dai ƙa'idar wannan kundi ba ta duba yawan babura ko yawan masu sauke manhaja. Abin da take tambaya shi ne ko wasu da ba su da alaƙa da kamfanin sun yi rubutu mai zurfi a kansa a kafofin da ake yarda da su, kuma ba sau ɗaya ba.

Mataki na farko shi ne tattara duk abin da aka rubuta. Ka nemi sunan kamfanin a shafukan jaridu, har da tsohon sunansa idan ya taɓa sauyawa, da kuma a cikin harshen ƙasar da aka kafa shi. Daga nan ka ware shafin kamfanin na intanet, da shafukansa na Facebook da Instagram, da takardar rajistarsa ta hukumar CAC, domin waɗannan shaida ce kawai cewa kamfanin yana nan.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma a nan ne yawancinmu muke tuntuɓe: gano wanda ya rubuta labarin a haƙiƙa. Na taɓa shafe kwana biyu ina haɗa maƙala kan wani ƙaramin kamfanin kai abinci, ina murna na samu labarai shida daga jaridu daban-daban, amma ba a yi mako guda ba aka sa ta a layin gogewa. Da na buɗe labaran shida na jera su gefe da gefe, sai na ga hoto ɗaya ne na mai kamfanin riƙe da leda mai tambarinsu, jimlar farko iri ɗaya ce, har kuskuren rubutun da ke sakin layi na uku bai canza ba. Ashe sanarwa ɗaya ce kamfanin ya rarraba wa manema labarai, kowa ya liƙa ta yadda take. Abin ya yi mini ciwo, amma waɗanda suka goge maƙalar suna da gaskiya. Saboda haka ka duba ko labarin yana ɗauke da sunan ɗan jarida, ko an sa shi a sashen tallace-tallace, ko kuma ya ƙare da lambar waya da kiran a sauke manhaja. Hira da mai kamfani ma, ko da a babbar jarida aka yi ta, maganarsa ce a kan kansa, don haka ba ta shiga lissafi.

Mataki na uku shi ne auna zurfin abin da ya rage. Kamfanonin irin wannan suna yawan fitowa a labarai idan sun samu jari, ko sun shiga sabon gari, ko sun naɗa sabon manaja, kuma ƙa'idar Wikipedia ta Ingilishi kan kamfanoni tana ɗaukar duk waɗannan a matsayin labaran yau da kullum. Chowdeck, kamfanin kai abinci da aka kafa a Legas a 2021, ya sanar da samun jarin dala miliyan 2.5 a 2024 da dala miliyan 9 a 2025, amma mai son kare maƙalarsa zai fi samun madogara a rubuce-rubucen da suka yi nazarin yadda yake tafiyar da kasuwancinsa da dalilin ɗorewarsa bayan Jumia Food da Bolt Food sun janye daga Najeriya a ƙarshen 2023. Misalin Glovo, kamfanin kai saƙo na birnin Basalona a Sifaniya, ya fi fitowa fili: a Satumban 2020 Kotun Ƙolin Sifaniya ta yanke hukuncin cewa wani mai kai masa saƙo ma'aikaci ne, ba mai zaman kansa ba, a 2021 aka yi dokar da ta shafi masu wannan sana'a, a 2022 kuma aka ci kamfanin tarar kusan yuro miliyan 79. 'Yan jarida da masana shari'a da na ƙwadago sun yi ta fashin baƙi kan tsarin aikinsa na tsawon shekaru, ba tare da kamfanin ya roƙe su ba. Irin wannan rubutu ake nema.

Daga nan ka duba kafofin su kansu. Labarai uku daga jarida ɗaya ana ƙirga su a matsayin majiya ɗaya, kuma ya kamata aƙalla ɗaya daga cikin majiyoyin ta zama ta ƙasa ko ta babban yanki, ba ta unguwa ba. Shafukan da suka ƙware kan labaran fasaha suna da amfani, amma sai an yi hattara da su, domin kusancinsu da masu kamfanoni yana da yawa.

Idan bayan wannan tacewa ka samu majiyoyi biyu ko uku da suka tsallake, ka rubuta maƙalar, ka gina ta a kansu, har da sukar da suka yi. Rufewar kamfani ba ta soke cancantarsa, haka kuma shaharar uwar kamfani ba ta gadar wa reshensa cancanta, shi ya sa sau da yawa ya fi dacewa a ba reshe sakin layi ɗaya a cikin maƙalar babban kamfanin. Idan kuwa ba su kai ba, ka ajiye rubutun a shafinka na gwaji har lokacin da aka yi sabon nazari a kansa. Wanda yake rubutun a matsayin aikinsa a kamfanin, ko aka biya shi ya rubuta, wajibi ne ya bayyana hakan a shafinsa na edita ko a shafin tattaunawar maƙalar, kamar yadda sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, suka tanada tun 2014.