Yadda Ake Aiki da Dokar Sarƙa a Kalkulas

Duk inda ka ga fankshan ya shiga cikin wani fankshan, kamar (3x² + 1)⁵ ko sin(x²), dokar sarƙa ce za ta fitar maka da deribatif ɗinsa, wato saurin canjinsa idan x ya canza. Aikin farko shi ne gane na waje da na ciki. Ka ɗauka an ba ka x = 2 ka lissafa da kalkuleta: matakin da za ka yi daga ƙarshe shi ne na waje.

Ɗauki y = (3x² + 1)⁵. Sa wa na ciki suna, u = 3x² + 1, sai ya zama y = u⁵. Na waje ya ba da deribatif dy/du = 5u⁴, na ciki kuma du/dx = 6x. Sai ka ninka su, ka mayar da u yadda yake:

dy/dx = 5(3x² + 1)⁴ × 6x = 30x(3x² + 1)⁴

Me ya sa ake ninkawa? Idan u yana canzawa da saurin x sau uku, y kuma da saurin u sau biyu, to y yana canzawa da saurin x sau shida ke nan.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne manta 6x ɗin nan, don da zarar an sauko da 5 sai a ga kamar an gama. Wasu kuma taɓa na ciki suke yi tun yana wurinsa, su ce deribatif ɗin sin(x²) shi ne cos(2x). Ba haka ba ne. Na ciki yana nan daram, deribatif ɗinsa a gefe ake ajiye shi: 2x cos(x²). A lura kuma, sin²x daban yake, a wurinsa sin ne na ciki, amsarsa 2 sin x cos x.

In hawa uku ne, bi su ɗaya bayan ɗaya daga waje. A sin³(4x) za ka samu 3sin²(4x), sannan cos(4x), sannan 4, wato 12sin²(4x)cos(4x). Waɗannan ƙa'idojin na sin da cos sai an auna kusurwa da radiyan, ba da digiri ba, suke aiki.

Kada ka raina gwaji da lamba. A misalin farko, x = 1 ya ba da y = 1024, x = 1.001 kuma wajen 1031.707. Raba bambancin da 0.001, ka samu kusan 7707. Amsarmu ta ba da 30 × 256 = 7680, sun yi kusa. Wanda ya manta 6x, 1280 zai samu.