Yadda ake zana taswirar Afirka a saka mata koguna, ciyayi da tsibirai

Yawancin ɗaliban da ke shirin WAEC da NECO a Birnin Kebbi da Argungu, da an ce su zana Afirka sai su ɗora fensir a kan gaɓar teku su yi ta zagayawa, daga baya su nemi inda za su cusa layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Nan taswirar take lalacewa. Layuka ake fara ja, gaɓa ta biyo baya.

Ɗauki rula ka ja layi a kwance tsakiyar takarda, shi ne ikwaita. Ja wani a tsaye ɓangaren hagu, shi ne layin Girinwic da ya ratsa Gana, wanda daga shi ake auna gabas da yamma. Ka ɗauka kowane santimita 1 digiri 5 ne. Daga ikwaita auna santimita 7 da rabi sama ka ɗiga, can ne Tunisiya, digiri 37 arewa. Auna 7 ƙasa, ƙarshen Afirka ta Kudu ke nan. Daga layin tsaye auna 3 da rabi yamma don Dakar, 10 gabas don ƙahon Somaliya. Rular roba ta kasuwa ta isa, kada ka ɓata kuɗi kan akwatin lissafi saboda wannan aiki.

Yanzu inda ake faɗuwa. Gaɓar tekun Gini, daga Laberiya zuwa Legas, a saman ikwaita take, wajen digiri 5 arewa, wato santimita 1 sama da layin. Sai ta kai Kamaru kafin ta karya kudu ta tsallaka ikwaita a Gabon. Na sha ganin takardar da ikwaita ya ratsa Abuja. Duk wanda ya yi haka ya tura Kebbi cikin kurmi, alhali Birnin Kebbi na wajen digiri 12 da rabi arewa. Ɗiga garinka a wurin tun kafin ka ci gaba, ka riƙa gwada komai da shi.

Kogin Neja ma ana yi masa kuskure iri ɗaya, a miƙe shi daga Gini zuwa Najeriya. Ba haka yake tafiya ba. Daga tsaunukan Gini yake nufar arewa maso gabas har kusa da Timbuktu, ya lanƙwaso ta Yamai, ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, ya wuce Yawuri da Kainji, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja. Tsawonsa kusan kilomita 4,180. Nilu kuwa arewa yake gangarawa zuwa Bahar Rum, rassansa biyu na haɗuwa a Khartum. Kwango sau biyu yake tsallaka ikwaita, kuma malami mai duba takarda yana neman wannan.

Ciyayi ruwan sama suke bi. Fara da kurmin Kwango a tsakiya, da siririn kurmin gaɓar Gini. Yankin ciyawa ya zagaye shi arewa da gabas da kudu, kamar munduwa mai buɗaɗɗen baki da ke kallon yamma. A arewa kashi uku ne: na Gini mai dogayen ciyayi da kaɗanya da ɗorawa, irin abin da kake gani wajen Zuru da Yawuri, na Sudan mai kuka da gawo da gajeriyar ciyawa, inda Argungu da Gusau suke, sai Sahel mai ƙaya da aduwa, daga nan Sahara. Kada ka saka wa Kenya alamar kurmi don kawai ikwaita ya ratsa ta. Ƙasar tudu ce, ruwanta bai kai na Kwango ba, filin ciyawa ne har zuwa Serengeti a Tanzaniya. Ni ban yarda da fenti mai launi a jarrabawa ba: ɗigo-ɗigo don hamada, layuka a karkace don ciyawa, gicciye don kurmi, ka bayyana su a ɗan akwati gefe.

Duwatsu ba wuya. Atlas a arewa maso yamma, tsaunukan Habasha, Drakensberg a kudu, da ƙaramin alwatika a Tanzaniya don Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895. A kudu maso yamma, hamadar Namib a gaɓa, Kalahari a ciki.

Tsibirai a ƙarshe, amma kar ka manta Madagaska, ita ce ta huɗu a girma a duniya. Ka bar mata rata da Mozambik, a wuri mafi ƙunci ma tazarar ta kai kusan kilomita 400. Zanzibar da Pemba suna dab da Tanzaniya, Komoros a bakin ratar ta arewa, Morishiyas gabas da Madagaska. A Atilantika akwai Kef Bad yamma da Senegal, Biyoko kusa da Kamaru, da Sawo Tome dab da ikwaita. Waɗannan ɗigo ɗaya da suna ya ishe su. Rubuta sunan taswira a sama, ka saka kibiyar arewa.