Shawara ga iyaye masu shiga jirgin sama da ƙananan yara

Kamfanonin jiragen sama suna barin yaron da bai kai shekara 2 ba ya zauna a cinyar mahaifiyarsa, amma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, tana ba da shawarar a saya masa tikitin kujerarsa a ɗaure shi cikin kujerar yara ta mota, domin idan jirgi ya shiga iska mai ƙarfi ya fara jijjiga, hannun uwa ba zai iya riƙe yaro ba komai ƙoƙarinta. A ganina wannan kuɗin bai tafi a banza ba.

Kafin ranar tafiya, ku duba jikin kujerar ku tabbatar akwai tambarin da ke nuna an amince a yi amfani da ita a jirgin sama, domin in babu shi ma'aikatan jirgi suna iya hana ku. Ku kuma auna faɗinta. Wadda ba ta wuce santimita 40 ba takan shiga yawancin kujerun jirgi. Wurinta shi ne gefen taga, don kada ta tare wa kowa hanya idan an samu gaggawa, kuma ba a yarda a sa ta a layin ƙofar gaggawa ba.

Irin kujerar motar da aikinta kawai ɗaga yaro ne, wadda ba ta da bel nata, ba ta da amfani a nan, saboda bel ɗin jirgi na ƙugu ne, babu na kafaɗa. Dokokin kamfanoni sun bambanta, saboda haka ku kira su tun kafin ku biya kuɗin tikiti.