Kafin ka yarda a sauke maka giyabos ɗin tsohuwar jif ɗinka

Masu tsofaffin Prado da Land Cruiser da Pajero da Pathfinder na garin nan Kaduna, abin da yake damuna shi ne mota na fara fizga ko ta ƙi canja giya sai ka ji an ce ai giya ta mutu, a sauke kawai a nemo Beljiyam. Wallahi sau da yawa matsalar ba ta kai nan ba, kuma akwai abubuwan da kai da kanka za ka duba a ƙofar gida.

Fara da man giya. Ka ɗan zaga da motar ta yi zafi, ko daga Kawo zuwa Mando ka dawo, ka tsaya a waje mai daidai, kar ka kashe inji, ka taka birki ka bi da liba ta kowace giya a hankali sannan ka mayar P, in Pajero ce kuma N. Zaro geji ka goge ka mayar ka sake zarowa, man ya kamata ya tsaya a layin HOT. In ya yi ƙasa to akwai inda yake yoyo, leƙa ƙarƙashi ka duba gasket ɗin kwanon ƙasa da bututun da suke tafiya lagireto. In ya wuce layi shi ma matsala ne don kumfa yake yi.

Sai ka ɗiga shi a farin ƙyalle ka shinshina. Ja garau lafiya lau, ruwan ƙasa ya tsufa a canja, baƙi mai ƙauri kuma faiba ce, wato faifan kulocin da ke cikin giya, ta fara ƙonewa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ka gan shi kamar shayi da madara, wannan ruwa ne ya shiga, ko dai ka kutsa ambaliya da damina ko kuma lagireto ya fashe ta ciki ruwansa ya haɗu da man, Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 ta yi ƙaurin suna a kan wannan. Don Allah in ka ga haka kar ka ƙara ko kilomita ɗaya, ruwan ɓanɓare faiba yake yi.

Kuma ba kowane jan mai ne man motarka ba, nan ake cutar mutane sosai. Prado ta 1996 zuwa 2002 Dexron take sha, Pajero ta wajen 2000 zuwa 2006 SP-III, Toyota na baya kuma akwai masu T-IV akwai masu WS, yawanci a jikin gejin an rubuta. Masu WS ɗin ma galibi ba su da geji, ta wani ƙusa na ƙasa ake auna su a wani mataki na zafi, wannan sai bakanike da ya san aikin.

In man lafiya, duba libar oksilari, wato ƙaramar libar da ke sa ƙafa huɗu su ja, in ta zame ta tsaya N inji zai yi ta ihu mota ko motsi ba za ta yi ba. Ƙwas ɗin da kake ji in ka sa D ko R ma sau da yawa furofela ce, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyi, ko robar da ta riƙe inji ta mutu.

Daga nan sai kwamfuta. Motocin da aka shigo da su daga Amurka tun daga 1996 suna da wajen jona ta a ƙasan sitiyari, a tsohuwar Toyota kuma za ka ga fitilar O/D OFF tana ƙiftawa. A lambobin da kwamfutar ke fitarwa, P0750 da P0755 solonoid suke nunawa, wato bawul mai aiki da wuta da ke canja giya, P0500 kuma sensan gudu. Motar da ta maƙale a giya ɗaya ta yi nauyi wajen tashi, galibi wuta ce, waya ko solonoid ko soket da ya ci tsatsa, aikin rewaya ne ba na sauke giya ba. Rawar da take yi tsakanin 60 da 80 a titin Zariya kuma konbata ce yawanci, wato abin da ke haɗa inji da giya, wani lokaci sabon mai kaɗai yana gyara ta.

In za a canja man, ni dai ban yarda da wanki da na'ura mai tura mai da ƙarfi a tsohuwar giya ba. A kwance kwanon ƙasa, a sa sabon filta, a wanke maganaɗisun da ke ciki, kuma ka tsaya ka gani da idonka: baƙin gari mai laushi ba komai, ɓarɓashin ƙarfe kuwa labari ya canja. Ko rabin man ba ya fita a karo ɗaya, don haka ka yi tafiya ta ɗan kwana biyu a sake zubarwa.

In duk an yi wannan amma da sanyin safiya tana tafiya, da ta ɗau zafi sai totur ya tashi ita ba ta ja, to faiba ta ƙare, yanzu kam a sauke. In Beljiyam za ka saya a Oriakpata ko Panteka, lambar jikin giyar ta zo ɗaya da taka, ku yi magana a kan kwanakin gwaji kafin ka biya, sannan a wanke bututu da kular mai tas, in ruwa ne ya kashe ta farko a canja lagireton gaba ɗaya.